Sunana a Bakin Inna

Zuwa ga yayar Jamila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya sa karatun jinyar nan da za ki ya amfane ki ya amfani jama'a. Gobe za ki tafi, yau nake rubutawa. Zan cusa ta cikin ƙullin rigunan kakarki, don na san sai kin isa za ki kwance shi. Da a hannu na ba ki, da kin karanta a gabana, ni kuwa ba ni da idon da zan kalle ki da shi.

Labarin gida ba zan ba ki ba, kin fi ni sanin sa. Abin da ya zaunar da ni rubutu magana ce da na ji ranar Talata. Ina kan keke ina ɗinki, ke da Jamila kuna ɗaki kuna haɗa kaya. Ta roƙe ki mayafin nan naki ruwan toka, sai na ji kin ce, "Je ki uwarki ta saya miki. Ni ai baƙuwa ce a gidan nan, ko sunana ba a sani ba." Ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Ba rashin kunyar ce ta tsayar da ni ba. Muryar ce na gane, domin tawa ce, da ita na yi shekara arba'in ina magana a cikina.

Ni ma 'yar fari ce kamar ke. Inna, kakarki, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kawo ni nan Dutse Uku wajen kakata, ita kuma tana can Laranto da babanmu, lokacin yana aikin kuza. In na je gida sai ta kawar da kai ta ce, "Waccan ta zo, a ba ta abinci." Da na koyi ɗinki sai na samu ƙarin girma, na koma "mai keke". Anti Asabe kuwa, autarmu, har ta yi girman ɗaukar tulu tana hawa cinyar Inna. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, haka aka yi wa Inna ita ma. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba in na ji an ce "Asabe, zo ki sosa min baya."

Shekara biyu da suka wuce na je sayen zif a shagon Mama Chidi, matar nan ta Kabong mai sayar da kayan ɗinki kusa da gidan Inna. Tana miƙo min ta ce, "Madam tela, yaya jikin Mama? Asabe ya ce likita ya ga ƙullu a nono. Sannu fa, Allah zai yi." Na ce mata da sauƙi, kamar na san zancen. Har maɓallan da ba na buƙata na saya don kada ta gane ban sani ba. Na isa gida na tarar da su biyu a ɗaki, Asabe tana shafa mata mai a ƙirji. Inna na ganina ta ja zane ta rufe har wuya, ta ce, "Ba ta tabarma a waje." Mako uku ke nan da suka sani. Uwata tana da ciwon daji, ni kuwa a bakin mai sayar da zif na ji.

A nan na yi kuskuren da har in mutu ba zan daina tunawa ba. Likita ya ce a yi tiyata a cire nonon tun abin bai bazu ba. Asabe ta ce a yi cikin makon. Wallahi da ni na fara jin maganar likitan, abin da zan ce ke nan. Amma da yake daga bakin Asabe ya fito, sai na ji ba zan iya cewa to ba. Na gyara zama na ce, "Uwar tamu za a kai a yanka kamar kabewa? Ke yarinya ce, me kika sani? Akwai mai magani a bayan gari, mata nawa ya warkar." Ban san ko mace ɗaya da ya warkar ba, a bakin wata mai kawo ɗinki na ji.

Inna ba ta iya gardama da ni, tunda ba ta kallon fuskata balle ta musa min. Ta dubi bango ta ce, "A yi yadda mai keke ta ce." Kin san me na ji? Daɗi. Na hau acaɓa na dawo gida ina murmushi kamar an yi min kyautar atamfa, don yau an bi tawa an bar ta Asabe. Wata huɗu muka yi ana jiƙa saiwa ana shafa gari mai wari. Ƙullun da ya fara kamar goro ya koma kamar lemo. Da muka koma asibiti likita ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Me ya tsayar da ku?" Asabe ta sunkuyar da kai, ba ta nuna ni ba. Har wannan shirun nata sai da na ji haushinsa, don ya sa ta fi ni kirki.

Ki ji ni da kyau, tunda aikin asibiti za ki koya. In kika ji bakinki yana shirin cewa a'a, ki tsaya ki tambayi kanki, maganar ce ba ki yarda da ita ba, ko mai maganar. In mai maganar ce, ki haɗiye. Ni ban haɗiye ba, kuma ba ni na biya ba, jikin Inna ne ya biya.

Aka yi tiyata. Bayan ta warke aka fara sa mata ruwan maganin nan duk bayan mako uku. Kin ga yadda ta koma, ba sai na faɗa miki ba. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ƙamshin mai ko daga maƙwabta ne sai ya tayar mata da zuciya. Abin da ba ki sani ba shi ne yaƙin da na yi ta yi a kan kwano.

Duk danginmu an san Asabe ba ta iya girki ba. Tuwonta in kika jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi. Ni kuwa kin san hannuna. Na yi gwaten acca da yakuwa, na yi farfesun kaza, na yi dankali da ƙwai, in lulluɓe in ɗauka har Laranto. Washegari kwanona ya dawo yadda ya tafi, sai dai a ce jikoki sun taɓa. Inna ba abin da take sha sai wani kunun tsamiya na Asabe, tsararo kamar ruwan wankin gero. In na shiga na ga kofin nan a wanke, nawa kwanon a rufe a gefe, sai in juya in fita. Ba na tunanin bakinta yana ciwo. Tunanina kawai, ko kunu ma na Asabe ya fi.

Wata safiya Asabe ta fita karɓo magani. Na ɗauki filas ɗin Inna, na zubar da kununta a makwararar ruwa, na ɗura nawa na gyaɗa, mai kauri, har da madara. Na zuba na tura ƙofar ɗaki na ajiye. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta gane. Ta ɗan tsaya. Da Asabe ce ta kawo, da ta ture ta ce ɗauke min wannan. Amma ni ce, kuma ina tsaye a bakin ƙofa, sai ta rufe ido ta shanye tas. Na fita tsakar gida ina jin kaina a sama. Kafin azahar ta fara amai, har la'asar bai tsaya ba, sai da aka kai ta aka yi mata ƙarin ruwa. Maganin da za a sa mata a makon aka ɗaga, don jikin ba ƙarfi. Asabe ta wanke filas ɗin, ta ga gyaɗa a gindinsa, ta kalle ni kawai ta kife shi.

Mara lafiya in ya ture abincinki, ba ke ya ture ba. Kuma ki kula da masu jin nauyinki fiye da masu yi miki tsawa, domin mai jin nauyinki zai shanye abin da zai cuce shi don kada ya ba ki kunya. Za ki haɗu da tsofaffi irin Inna a gadon asibiti, ki tambaye su sau biyu.

Da a ce na yi hankali daga nan, da da sauƙi. Ban yi ba.

Tun da aka cire nonon, gefe ɗaya na rigar Inna ya zama fayau. Ta daina fita ko ƙofar gida. In dole ta kama sai ta dunƙule tsohon ɗankwali ta cusa. Asabe ta zo har shagona ta ce, "Yaya, ki ɗinka mata riga mai aljihu daga ciki, a sa wani abu ya cike wurin." Shawara ce mai kyau, abin da ya ɓata ta kawai shi ne ba ni na kawo ta ba. Na ce, "Ɗinki sai da awo. Ki kawo ta in sa tef." Ta ce, "Haba Yaya, kin san Inna ba za ta tuɓe a gabanki ba." Na ce, "To ki kai wa telan da take tuɓewa a gabansa." Na ci gaba da taka keke har ta gaji ta tafi. Ni da nake kallon mace a hanya in yanka mata riga ba tef, ni ce na ce sai da awo. So nake ko sau ɗaya Inna ta buɗe min abin da take buɗe wa Asabe kullum.

Wata biyu bayan haka aka yi suna a gidan maƙwabtan Inna, aka matsa mata ta fito. Ina can gefe cikin mata. Ta sunkuya za ta ɗauki jaririya, sai ɗankwalin nan ya zamo ta ƙasan riga ya faɗi. Na gani, wasu ma sun gani suka kawar da kai. Inna ta ɗora ƙafa a kansa ta take. Ta ja mayafi ta rufe ƙirji, ta tsaya a wurin nan ƙyam. Ana ta ce mata Inna ga kujera, tana cewa ta fi son tsayuwa. Matar da ba ta iya tsayuwar sallah sai a zaune, ta tsaya a kan tsumma har aka raba abinci aka watse.

Ban ci abincin sunan ba. Na shiga ɗakinta na ɗauko tsohuwar rigarta a kan igiya, na dawo Dutse Uku na warware ta. Na yanka sabuwa, na yi aljihu daga ciki, na ɗinka 'yar jaka na cika da audugar rimi. Na gwada a jikina na ga tana hawa sama don ba nauyi, sai na zuba gero cikin cokali uku a tsakiyar audugar, ta zauna daram. Na ba Asabe ta kai. Da na je bayan kwana biyu na tarar da Inna a ƙofar gida tana sayen tumatir, rigar a jikinta. Sai da na zauna a tabarmata ta waje na ji ta ce wa Asabe, da ƙarfi yadda zan ji, "Mai keke ta iya ɗinki." Abin da kika iya, kada ki taɓa riƙe shi don a zo a roƙe ki. Aikin yini ɗaya ne na ja shi wata biyu.

Yanzu ga abin da ba wanda ya sani sai ni da Asabe. Watan jiya da likita ya ce ciwon ya dawo a hammata, sai an je Zariya an yi wa wurin gashi da na'ura, na yi caraf na ce ni zan raka ta. Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Asabe dai." Muna fitowa barandar asibiti, Inna na zaune a ciki, na tare Asabe na zazzage mata abin da ke cikina tun muna yara. Na ce ta mallake uwa ita kaɗai, ta mai da ni baƙuwa, ni da kuɗin mota da kwanon abinci kawai aka sani.

Asabe ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Yaya, ke kin gaji da zaman waje, ni na gaji da zaman ciki. Shekara biyu ina kwashe amai. Ni ba a jin kunyata, ni ake zagi in ciwo ya motsa. Ke kuwa in aka ji sallamarki sai ta tashi zaune, ta ce in ɗaura mata ɗankwali, in sa turare, kada ki gan ta a wulaƙance. Kin ɗauka ba na gani?"

Sai ta share ido ta ce, "Ranar tiyata, da aka fito da ita tana farfaɗowa, ni ke riƙe da hannunta. Ba ta san inda take ba. Ta buɗe baki ta ce, Zainabu. Ina Zainabu. Sau uku. Ni da na kwana uku a kan benci, ba ta kira ni ba. Na ji haushi, na ce ba zan gaya miki ba, kuma ban gaya miki ba."

Kin san inda nake a lokacin? An ce mutum ɗaya zai shiga wajenta, Asabe ta riga ni tashi, na yi fushi na fita bakin titi wai sayen ayaba. Ina can ina cinikin ayaba uwata ta kira sunana.

Za ki zaci na rungume Asabe muka yi kuka. Ita ta yi kukan. Ni abin da ya fara zuwa min shi ne, har wannan ma ita ta samu. Sunana ne, sau uku kacal ya fito daga bakin Inna a duniya, kuma a kunnen Asabe ya sauka. Na riƙe hannunta na ce, "Yaya ta faɗe shi? Zainabu ta ce ko Abu? Ta ja shi ko ta datse?" Ta maimaita min, na ce ta sake, ta sake. Muryar Asabe ce dai, ba ta Inna ba. Mun shirya da ita, na roƙe ta gafara ta roƙe ni, amma ba zan yi miki ƙarya ba, har yau in na tuna sai na ji kishin nan ya motsa.

To ga ni nan, na juyo na ga abin da aka yi min shi na yi miki. Ban kai ki riƙo ba, wannan na ƙi. Amma shekara goma sha tara ina ce miki "ke", ina ce wa mutane "yayar Jamila". Jamila ta kwanta a jikina in yi mata tsifa, ke in tura ki gidan kitso. Ranar da sakamakonki ya fito na ce "to, madalla" na ci gaba da ɗinki, alhali sai da na ɓata hannun rigar mutane don ido ya cika ba na ganin allura. Na ɗauka kin sani. Inna ma ta ɗauka na sani.

Jamila ba ta ƙwace miki komai ba. Ita aka bari a kusa, kuma na kusa shi ke shan aike da faɗa, ki tambayi Anti Asabe. In kin samu hali ki aiko mata da mayafin nan, ko ki kira ta ku yi hira. Ba na son ku kai shekara arba'in kafin ku yi maganar da muka yi a barandar asibiti.

Mako mai zuwa Inna da Asabe za su iso Zariya, za su sauka gidan ɗan'uwan babanki. Rigunan da ke cikin ƙullin guda huɗu ne, na yi su da yadi mai laushi marasa ɗinki a hammata, saboda an ce gashin yana sa fata ta yi zafi. A riƙa zare jakar kafin wanki, in gero ya jiƙa zai tsira a ƙirjin kakarki ta ce na mai da ta gona. In ba ki da aji, ki je ki karɓi Asabe ta samu ta miƙe ƙafa. Kada ki kai wa Inna abin da ba ta nema ba, ko da kin fi kowa iya dafa shi.

Ke ma ina kishinki, gara in faɗa. Inna tana kiran sunanki sau goma a yini, tana tsokanarki, kina shiga ɗakinta ba sallama ki zauna a bakin gado. Yanzu kuma ke za ki gan ta a Zariya, ni ina nan ina taka keke. Ban san ko za ta dawo Jos da ƙafarta ba, kuma wata huɗun nan da na ci mata suna zaune a ƙirjina. Kada ki nuna mata na san zancen ranar tiyata, kunya za ta hana ta sakewa da ni gaba ɗaya. Abu ɗaya nake roƙonki. In zafin ciwo ko magagin magani ya sa ta sake faɗa kina wurin, ki kira wayar babanki a ranar, a ba ni. Kada ki riƙe min shi shekara biyu.

Gobe a tasha zan gwada kiran sunanki. Na yi ta gwadawa a shago in ba kowa, yana fita lafiya lau, amma ban san yadda bakina zai yi a gabanki da gaban mutane ba. In kin ji na ce "ke, Allah Ya kiyaye hanya" kamar kullum, to na kasa ne, kada ki ɗauka ban so ba. Shi ya sa zan ajiye miki shi a nan, inda ba sai wani ya ji ya ba ki labari ba.

Saudatu. Ni na zaɓe shi tun kina ciki, babanki wani sunan ya so, na kafe sai da aka sa. Saudatu, 'yata ta fari.

Allah Ya tsare min ke, Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya saka wa Asabe da alheri, Ya yafe min abin da na yi. Allah Ya yi miki albarka, Saudatu. Na cika ukun.

Mahaifiyarki,
Zainabu mai keke
Dutse Uku, Jos